Yaƙin Iraƙi da Alƙawarin Komawa Duniyar Wata: Wa Ya Yi Lissafin?

Malam Sani:
Assalamu alaikum jama'a. Ku duba abin da ya faru a Washington cikin mako biyu na Janairun 2004. Ranar 14 Shugaba George W. Bush ya tsaya a hedkwatar NASA ya ce Amurka za ta koma duniyar wata nan da 2020, daga can a nufi Mars. Ranar 16 aka soke tafiyar gyaran madubin hangen nesa na Hubble. Ranar 20 ya yi jawabin shekara a gaban majalisa, bai ambaci wata ko Mars ba ko sau ɗaya. Ranar 23 David Kay, wanda aka ɗora wa nemo makaman ƙare dangi a Iraƙi, ya ajiye aiki. Ranar 28 ya gaya wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa kusan duk waɗanda suka ce akwai makaman sun yi kuskure.

Ni a ganina ciwo ɗaya ne ya kama yaƙin da shirin kumbon. Manya sun yanke shawara tukuna, sannan aka aika ƙasa a nemo hujja da lissafin da za su dace da ita. Ƙwararren da ya ce ba haka ba ne, sai a tura maganarsa can ƙarshen takarda inda ba mai karantawa. Wanda ke da ja, bisimilla.

Dokta Bala:
Wa'alaikumus salam. Allah shi gafarta Malam, ina da ja. Kuskure daban, ƙarya daban. Saddam ya zuba iska mai guba a Halabja a Maris ɗin 1988, mutum wajen 5,000 suka mutu. Bayan yaƙin Kuwait sufetoci sun tarar shirinsa na nukiliya ya yi nisan da ba a zata ba. Sai a 1995 ya amsa cewa yana da shirin makaman ƙwayoyin cuta, bayan shekara huɗu yana musu. Daga Disamban 1998 zuwa Nuwamban 2002 babu sufetocin neman makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar. Mai irin wannan tarihi, in an zarge shi ba a zalunce shi ba. Kuma rahoton Duelfer, magajin Kay a aikin neman makaman, na Satumban 2004, wanda ya ce babu makaman, shi ne ya ce Saddam da gangan ya bar duniya cikin shakka don kada Iran ta gane ya yi rauni.

Injiniya Rabi:
Dokta, tarihin Saddam babu mai wanke shi. Amma ba tarihi aka kai gaban duniya ba, kaya aka nuna, kaya kuwa ana iya auna su. Mu ɗauki bututan alminiyom.

Iraƙi ta yi odar bututai 60,000, aka tare kashi ɗaya a Jodan a 2001. Alminiyom ne mai lamba 7075-T6, faɗin bakinsa milimita 81, tsawo milimita 900, kaurin jiki milimita 3.3. CIA ta ce na injin tace yuraniyom ne, wanda ake kira santirifuj. Yadda injin yake aiki: a zuba yuraniyom da aka mayar iska cikin bututu, bututun ya yi juyi dubu hamsin ko fiye a minti guda, mai nauyi ya koma gefe, marar nauyin da ake nema ya taru a tsakiya, kamar yadda sheƙa ke raba tsaba da ƙaiƙayi. Don ya jure wannan gudu dole jikinsa ya zama siriri, wajen milimita ɗaya a irin samfurin da aka ce Iraƙi za ta kwaikwaya. Waɗannan sun ninka haka sau uku. Sun yi tsawo, sun yi ƙunci, kuma an yi musu rufin hana tsatsa wanda ba a buƙatarsa a santirifuj, ƙwararru ma suka ce sai an kankare shi.

Su wa suka faɗi haka? Masana na Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, mutanen cibiyar binciken nukiliya ta Oak Ridge, waɗanda su ne suka ƙera irin waɗannan injina da hannunsu. Suka ce wannan awo daidai yake da na jikin rokar atilare mai milimita 81 da Iraƙi ke kwaikwaya daga samfurin Italiya mai suna Medusa. Tun 1996 sufetoci sun ga dubban irinsu a masana'antar Nasser, da yawa sun ci tsatsa a waje. Ka ga dalilin rufin hana tsatsa ke nan. Ƙari a kan haka, kafin 1991 Iraƙi ta riga ta wuce alminiyom, tana gwaji da ƙarfe na musamman da zaren kabon, waɗanda suka fi shi nesa ba kusa ba. Me zai sa ta koma baya?

Wannan bayani yana hannun gwamnati tun 2001. Duk da haka ranar 8 ga Satumban 2002 Condoleezza Rice, mai ba Bush shawara kan tsaro, ta fito a CNN ta ce bututan ba su dace da komai ba sai shirin nukiliya. Wannan ba rashin sani ba ne. An zaɓi wanda za a saurara.

Alhaji Isufu:
Allah ya ƙara sani, Injiniya. Bari in kawo ta ɓangarenmu, don sunan Nijar aka sa a cikin wannan magana ba da yawunta ba.

An ce Iraƙi ta ƙulla cinikin tan 500 na garin yuraniyom, mai ruwan ɗorawa, daga Nijar. Duk wanda ya san yadda kayan ke fita ya san abu ne mai wuya. Mahaƙa biyu ne a lokacin: Somaïr a Arlit, wadda ta fara a 1971, da Cominak a Akuta, wadda ta fara a 1978. Kamfanin Faransa Cogema ke tafiyar da su, a Cominak kuma akwai hannun jarin Japan da Sifen. Abin da ƙasar ke fitarwa a shekara a wancan lokaci wajen tan 3,000 ne, kuma tun kafin a haƙo an san mai saye. Tan 500 kashi ɗaya cikin shida ke nan na aikin shekara. Ana zuba garin a ganguna masu lita 200, kowace ta ɗauki wajen kilo 400, wato ganga sama da 1,200. Sai manyan motoci ashirin ko fiye su bi ta Agadas da Tawa, kilomita 1,600 zuwa Paraku a Binin, sannan jirgin ƙasa ya ja kilomita 400 zuwa tashar ruwan Kwatano. Kowace ganga da lambarta, kowane ayari da rakiyar jami'an tsaro. A ce duk wannan ya wuce Faransawa ba su gani ba?

Takardun da aka kafa hujja da su a birnin Rum na Italiya suka ɓullo, wata 'yar jarida ta miƙa su ga ofishin jakadancin Amurka a Oktoban 2002. Wata wasiƙa mai kwanan watan Oktoban 2000 tana ɗauke da sa hannun Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar kujerar tun 1989. Kan takardar ma na majalisar mulkin soja ce wadda aka rushe tun tuni. Wata kuma da aka jingina wa Shugaba Tandja Mamadou tana kafa hujja da tsarin mulkin da aka daɗe da sauyawa. Ɗan makarantar sakandare a Yamai zai gane wannan. Da takardun suka isa hukumar nukiliya ta duniya a Fabrairun 2003, cikin ɗan lokaci ta gano jabu ne, shugabanta Muhammad El-Baradei ya faɗa wa Kwamitin Sulhu ranar 7 ga Maris. Kwana goma sha uku bayan nan aka fara ruwan bama-bamai.

Kuma tun Fabrairun 2002 an aiko tsohon jakadan Amurka Joseph Wilson Yamai, ya yi kwana takwas yana ganawa da manya, ya koma ya ce da wuya. Jakadiyar Amurka a Yamai da Janar Carlton Fulford su ma sun ga Tandja a watan, ba su ga abin tashin hankali ba. A Oktoba shugaban CIA George Tenet da kansa ya sa aka cire zancen daga jawabin Bush na Cincinnati. Sai ga shi ya dawo a jawabin shekara na Bush ranar 28 ga Janairun 2003, an sauya masa riga: an ce gwamnatin Birtaniya ce ta gano, an cire Nijar an sa Afirka. Wanda ya san magana ba ta da ƙafa ne ke rataya ta a wuyan wani.

Nura:
Baba Alhaji, in tambaya. Da a ce ya samu tan 500 ɗin, bam ya samu ke nan?

Injiniya Rabi:
A'a ƙanena, ko kusa. Garin nan kamar danƙo ne da ba a kai masana'anta ba. A cikin kowane kilo 1,000 na yuraniyom, kilo 7 kacal ne irin da ake nema, mai lamba 235. Tashar lantarki tana son a ɗaga shi zuwa kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, bam yana son wajen 90. Kafin nan sai an gina masana'antar da za ta haɗa garin da sinadarin fulorin ya zama iska, sai injinan santirifuj dubbai a jere suna juyi dare da rana wajen shekara, da lantarkin da ba ya ƙiftawa, don in wuta ta yi rawa injinan farfashewa suke. Sannan a mayar da iskar ƙarfe, a sassaƙa shi. Bam ɗaya yana cin tan 5 zuwa 6 na ɗanyen kaya.

Abin da ya fi muhimmanci: Iraƙi tana da wajen tan 550 na wannan gari a Tuwaitha, kudu da Bagadaza, tun shekarun 1980, a ƙarƙashin hatimin hukumar nukiliya. Amurka da kanta ta kwashe shi zuwa Kanada a 2008. Ba gari Saddam ya rasa ba, injin ya rasa, don an wargaza shi bayan 1991.

Dokta Bala:
Na karɓi ta bututai, hujjar Injiniya ta fi tawa. Amma Alhaji, a yi adalci. Jakadan Iraƙi a fadar Paparoma, Wissam al-Zahawie, ya zo Yamai a Fabrairun 1999, zamanin Ba'are Mainasara. Tsohon firaminista Ibrahim Mayaki ya gaya wa Wilson cewa an yi masa maganar faɗaɗa ciniki da Iraƙi, shi kuma ya fahimci yuraniyom ake nufi. Kwamitin Butler na Birtaniya a Yulin 2004 ya ce zargin neman yana da tushe ko ba tare da takardun jabun ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Alhaji Isufu:
Dokta, ziyarar gaskiya ce. Mutumin ya zaga wasu ƙasashen yankin ma, yana gayyatar shugabanni su ziyarci Bagadaza don karya takunkumi. Mayaki kuma ya ce ya kauce wa zancen saboda takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ka ga ke nan Nijar ta kiyaye doka. Birtaniya ta ce tana da wata hujja, amma ba ta taɓa miƙa ta ga hukumar nukiliya a tantance ba. Binciken Duelfer ya tono takardun Iraƙi bayan faɗuwar gwamnati, bai sami shaidar cewa ta nemi yuraniyom a waje bayan 1991 ba. Ladan Wilson kuwa, da ya yi magana a jarida ranar 6 ga Yulin 2003, kwana takwas aka fallasa cewa matarsa jami'ar CIA ce. A kan binciken wannan ne kotu ta kama Scooter Libby, babban hadimin mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney, da laifin ƙarya a 2007.

Barista Hauwa:
Ku ba ni dama in shigo ta fuskar doka. Dokar Majalisar Ɗinkin Duniya ta halatta yaƙi a hali biyu: kare kai a ƙarƙashin sashe na 51, ko izinin Kwamitin Sulhu. Ƙuduri mai lamba 678 na 1990 ya ba da izinin amfani da duk hanyar da ta wajaba, wannan shi ne lafazin yaƙi. Ƙuduri mai lamba 1441 na 8 ga Nuwamban 2002 mummunan sakamako kawai ya ambata, kuma jakadan Amurka John Negroponte ya faɗa a zauren cewa babu wani tarko a ciki da zai kunna yaƙi kai tsaye. Da wannan tabbaci Siriya ma ta ɗaga hannu, aka samu 15 babu mai adawa.

Sufetoci suka koma ranar 27 ga Nuwamba. Sun yi bincike sama da 700 a wurare sama da 400, har da waɗanda Amurka ta nuna musu. Abin da suka kama na zahiri shi ne makamai masu linzami na Al Samoud 2 da suka zarce iyakar kilomita 150, kuma daga 1 ga Maris Iraƙi ta fara murƙushe su a gabansu. Ranar 7 ga Maris shugaban sufetocin Hans Blix ya ce aikin da ya rage ba na shekaru ba ne, ba na makonni ba, na watanni ne. Watannin aka hana shi.

Aka nemi ƙuduri na biyu, ana buƙatar ƙuri'a tara. Kamaru, Gini da Angola ne ke kujerun Afirka, tare da Meziko, Chile da Pakistan aka yi ta matsa musu, ba a samu adadin ba, aka janye ranar 17 ga Maris. A Landan babban lauyan gwamnati ya rubuta shawara mai shafi 13 cike da shakka ranar 7 ga wata, ranar 17 ta koma gajeriyar amsa wadda babu shakka a cikinta. Kofi Annan ya ce a Satumban 2004 yaƙin ya saɓa wa doka.

Dokta, a kan kuskure da ƙarya: motocin haɗa ƙwayoyin cuta da sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya nuna zanensu a Kwamitin Sulhu ranar 5 ga Fabrairun 2003, ginshiƙin labarinsu mutum ɗaya ne, ɗan gudun hijira a Jamus da aka laƙaba wa Curveball. Jamusawan da ke riƙe da shi sun yi gargaɗi cewa ba a tabbatar da zancensa ba. A 2011 ya amsa da bakinsa cewa ƙirƙira ya yi. Tirelolin da aka samu bayan yaƙi na haɗa iskar haidurojin ne don balan-balan ɗin auna iska na sojan atilare. Kuma takardar taron firaministan Birtaniya ta 23 ga Yulin 2002 ta rubuta cewa a Washington ana daidaita bayanan sirri ne su bi manufar da aka riga aka tsayar. Wata takwas ke nan kafin harbi na farko.

Malam Garba:
An yi wa Iraƙi adalcin bayani, saura sama. A fara daga haɗarin kumbon Columbia, in ba haka ba ba za a gane jawabin 14 ga Janairu ba.

Kumbon ya tashi ranar 16 ga Janairun 2003. Daƙiƙa 82 da tashi, wani guntun soson da ake lulluɓe tankin mai da shi, nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba, ya ɓalle ya bugi gaban fiffiken hagu da gudun sama da kilomita 800 a awa. Ya huda allo na takwas na kariyar zafi. Injiniyoyi suka nemi a sa tauraron soja ya ɗauki hoton fiffiken, shugabanni suka ƙi, don soso ya sha faɗuwa a baya ba a mutu ba. Ranar 1 ga Fabrairu wajen dawowa, iska mai tsananin zafi ta shiga ramin ta narkar da ƙashin fiffiken, kumbon ya tarwatse a saman Texas da mutum bakwai. Ɗan hakin da ka raina. Kwana huɗu bayan nan Powell ya je Kwamitin Sulhu.

Kwamitin bincike ya fitar da rahoto a Agusta. Ya ce laifin ba na soso kaɗai ba ne: akwai matsin jadawali, akwai ƙarancin kuɗi, akwai rashin alƙibla daga shugabannin ƙasa. Ya ce in za a ci gaba da tashin kumbon bayan 2010 sai an sake tantance kowane sashe nasa. Daga nan shekarar 2010 ta fito.

To ga abin da Bush ya yi alƙawari: a gama tashar sararin samaniya a ajiye tsohon kumbo a 2010, sabon kumbo ya ɗauki mutane nan da 2014, a sauka a wata tsakanin 2015 da 2020. Kuɗi fa? Dala biliyan 12 cikin shekara biyar, amma biliyan 11 daga cikin aljihun NASA za a tsamo, sabon kuɗi biliyan 1 ne kawai. Zamanin Apollo, a 1966, NASA na cin sama da kashi 4 cikin ɗari na kasafin ƙasa. A 2004 ba ta kai kashi ɗaya ba. Kuma mahaifinsa ya yi irin wannan shela ranar 20 ga Yulin 1989, da NASA ta kawo lissafin wajen biliyan 500 majalisa ta binne shirin. Darasin da ɗan ya ɗauka shi ne kada a faɗi jimillar kuɗin.

Malam Sani:
Ku haɗa wannan da ɗaya ɓangaren. A Nuwamban 2003 majalisa ta amince da ƙarin biliyan 87 don Iraƙi da Afghanistan. Kasafin NASA gaba ɗaya na shekara biyar, kamar yadda Bush ya faɗa da bakinsa, biliyan 86 ne. Sakataren tsaro Donald Rumsfeld ya ce a Yulin 2003 Iraƙi na cin biliyan 3.9 a wata. Wato sabon kuɗin zuwa wata na shekara biyar bai wuce kuɗin kwana takwas na yaƙi ba. A can ma haka aka yi da lissafi: mai ba Bush shawara kan tattalin arziki Lawrence Lindsey ya ce yaƙin zai ci biliyan 100 zuwa 200, kafin ƙarshen 2002 ya bar aiki. Janar Eric Shinseki ya ce riƙe ƙasar sai da soja dubu ɗaruruwa, mataimakin sakataren tsaro Paul Wolfowitz ya ƙaryata shi a gaban majalisa, ya kuma ce man Iraƙi zai biya sake gina ta. Shi ya sa nake ganin shelar wata ta kawar da hankali ce a shekarar zaɓe.

Malam Garba:
A nan na rabu da kai, Malam. Tun bayan rahoton Agusta ake zaman tsara manufar, kuma dole ce ta sa, don kumbo yana ƙasa kuma Sin ta harba ɗan sama jannatinta na farko Yang Liwei ranar 15 ga Oktoban 2003. Da kawar da hankali ake so, da an yi ta kaɗa gangar. Sai aka ga jama'a ba su yi ɗoki ba, aka yi shiru. Laifin da nake gani ya fi wannan nauyi: an ba ma'aikata umarni, aka hana su guzuri, aka juya baya.

Injiniya Rabi:
Akwai kuma kuskuren kimiyya a cikin jawabin kansa. An ce kumbon da aka harhaɗa a wata zai tashi zuwa Mars da sauƙi saboda jan wata ba shi da ƙarfi. Gaskiya ne kuɓuta daga wata na son gudun kilomita 2.4 a daƙiƙa, daga duniya 11.2. Amma kayan daga ina za su fito? Daga kewayen duniya na kusa, miƙewa zuwa Mars na son ƙarin gudu wajen kilomita 3.6 a daƙiƙa. Zuwa doron wata kuwa: 3.1 na kama hanya, wajen 0.9 na birki a shiga kewayensa, 1.9 na sauka, don babu iskar da za ta rage maka gudu. Jimilla kusan 6. Ka kashe mai fiye da na tafiyar Mars, kuma ba ka fara ba. Lissafin ba ya fita sai in a watan ake yin man, wato a haƙo ƙanƙara, a narkar, a raba ta da lantarki zuwa haidurojin da iskar shaƙa, a sanyaya su su zama ruwa, a adana. A 2004 ba a ma tabbatar da ƙanƙarar ba.

Sai rokar Ares I, wadda aka tsara ta ɗauki sabon kumbon. Tsarin farko: rokar daskararren mai ta tsohon kumbo mai gaɓa huɗu, a ɗora mata babban injin kumbon a sama. Aka tarar injin nan an yi shi ne a kunna a ƙasa da taimakon kayan filin harbi, kunna shi a sama aiki ne mai tsada. A farkon 2006 aka koma injin J-2X wanda bai kai shi ƙarfi ba, dole aka ƙara gaɓa ta biyar a ƙasa. Ƙara gaɓa kuwa sabuwar roka ce: siffar man ciki, maƙogwaron fitar wuta, duk sai an sake. Sai matsalar girgiza ta fito. Dogon bututun roka yana amsa kuwwa kamar sarewa, wajen sau 12 a daƙiƙa, kusa da yadda jikin rokar gaba ɗaya ke rawa, har ana tsoron 'yan sama jannati ba za su iya karanta allo ba. Maganinta ƙarin nauyi, roka kuma ba ta da rarar ƙarfi. Shi ma sabon kumbon, Orion, aka yi ta rage shi: faɗi daga mita 5.5 zuwa 5, mutum shida zuwa huɗu, saukar tudu ta koma ta teku. Gwaji ɗaya aka yi, ranar 28 ga Oktoban 2009, da gaɓa huɗu ta gaske, ta biyar da saman duk na kwaikwayo.

Dokta Bala:
Duk da haka kada a zubar da tsaba tare da dusa. Ajiye tsohon kumbo daidai ne, ya kashe mutum 14 cikin tashi 135. A ƙarƙashin wannan manufa aka ba SpaceX kwangilar dala miliyan 278 a Agustan 2006, daga nan Falcon 9 da Dragon suka samu ƙafa. Tauraron LRO da aka harba a Yunin 2009 shi ya zana taswirar wata da ake aiki da ita yau, LCROSS kuma, da aka faɗar da shi a ramin Cabeus na wata a Oktoban shekarar, ya tabbatar da ruwa a can. Hubble ma an janye sokewar, an gyara shi a Mayun 2009. Orion ya zaga wata a ƙarshen 2022.

Malam Garba:
Na yarda, amma duba girman kowanne. Shirin 'yan kasuwa da ya yi albarka wajen rabin biliyan aka ware masa da farko. Babban shirin komawa wata, Constellation, ya ci wajen biliyan 9 kafin Obama ya nemi soke shi a Fabrairun 2010. Kwamitin Norman Augustine ya ce a 2009 hanyar ba mai ɗorewa ba ce, sai an ƙara biliyan 3 kowace shekara, kuma Ares I da wuya ya ɗauki mutum kafin 2017, alhali a kasafin lokacin an tsara jefa tashar sararin samaniya teku a 2016. Ana ƙera motar zuwa gidan da za a rushe kafin ta iso.

Wa ya biya? Shugaban NASA Michael Griffin ya yi alƙawari a 2005 ba za a taɓa ko sisin kwabon kimiyya ba, a Fabrairun 2006 aka zaftare wajen biliyan 3 na shekara biyar. Aka soke kumbon binciken watannin Jupiter, aka jingine madubin neman duniyoyi irin tamu, tauraron DSCOVR bai tashi ba sai 2015. A Fabrairun 2006 ɗin aka cire batun fahimta da kare duniyarmu daga bayanin manufar NASA. Taurarin auna ruwan sama, ƙura da ciyayi kuwa su ne waɗanda masu hasashen damina a ko'ina, har da Sahel, ke dogaro da su. Giɓin da ke tsakanin ajiye tsohon kumbo da tashin sabo, da aka ce shekara huɗu, ya zama kusan tara, daga Yulin 2011 zuwa 30 ga Mayun 2020, ana sayen kujera a Soyuz ta Rasha, farashi ya tashi daga miliyan ashirin da ɗoriya zuwa wajen 90.

Barista Hauwa:
Malam Garba, akwai takardar da ba a taɓo ba, kuma ita ce ta fi haɗa batutuwan biyu. Gwamnatin nan ta fice daga yarjejeniyar hana makaman kakkaɓo makamai masu linzami ta 1972 a Yunin 2002. Manufar sararin samaniya da ta fitar a Oktoban 2006 ta ce Amurka ba za ta shiga wata sabuwar yarjejeniya da za ta taƙaita mata amfani da sama ba. Ranar 11 ga Janairun 2007 Sin ta harbe tsohon tauraronta Fengyun-1C a nisan sama da kilomita 800, ta bar ɓaraguzai sama da 3,000 da ake iya bibiya. A Fabrairun 2008 Amurka ta harbo nata daga jirgin ruwa. Ba na ɗora wa Bush laifin Sin, amma wanda ya ƙi zaman sulhu bakinsa ya yi nauyi ranar ƙorafi.

Nura:
Anti Barista, to a batun Iraƙi an hukunta wani?

Barista Hauwa:
A kan hujjar yaƙin, babu wanda ya tsaya gaban kotu. Libby an yanke masa wata 30, Bush ya ɗage zaman gidan yarin a Yulin 2007, Trump ya yafe masa a 2018. Tenet ya karɓi lambar yabo mafi girma ta farar hula a Disamban 2004, tare da Paul Bremer, shugaban mulkin mamaya a Iraƙi, wanda ya rushe sojan Iraƙi da umarni na biyu ranar 23 ga Mayun 2003. Rahoton Chilcot na Birtaniya ya fito ranar 6 ga Yulin 2016, bayan shekara bakwai ana bincike, ya ce an tafi yaƙi ba a ƙure hanyoyin lumana ba, kuma an gabatar da barazanar da tabbacin da bayanan ba su kai ba. Amma ba kotu ba ne, bai yanke hukunci kan halascin yaƙin ba. Sojan Amurka wajen 4,500 suka mutu. Fararen hular Iraƙi da aka iya ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya sun haura 100,000 kafin janyewar 2011.

Alhaji Isufu:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Barista, ki ƙara da wannan: har yau ba a gurfanar da kowa ba kan takardun da aka buga da sunan Nijar da hatiminta. A Janairun 2001 an fasa ofishin jakadancin Nijar a Rum, aka kwashe takardu masu kan ofis da hatimai. FBI ta yi bincike, ta ce neman kuɗi ne ya sa aka yi jabun. Wanda ke da rahoton kwamitin Majalisar Dattawa na Yulin 2004, ya ɗora mana babin Nijar a nan mu bi shi shafi-shafi, don ina son a ga ranar da kowane ofishi ya karɓi takardun da ranar da ya fara duba su.